Farin Takarkarin Dada da Babur ɗin Baffa Sale

Idan injin ya fara hucewa, wani ɗan sauti yake yi, ƙas, ƙas, kamar ana ɓare gyaɗa a ɗakin maƙwabta. Da shi nake gane cewa Baffa Sale ya dawo, an sa wa ƙofar gida sakata, kuma Dada ta kusa fara tatsuniya. Har yau in na ji ƙarfe mai zafi yana hucewa, sai hancina ya nemo sauran: hayaƙin murhu, man shanu yana narkewa a kan tuwo, da warin sabuwar roba.

A unguwar Bagadaza muke, cikin Gombe, a gidan da kakanmu ya bari. Ina firamare a lokacin, cikin shekarun nan da gari ya rikice. Manya ba sa kama sunan masu abin, "mutanen nan" kawai ake cewa, a kuma rage murya. An hana hawa babur daga yamma, don a kansa ake zuwa a yi ɓarna a gudu. Wasan ƙofar gida ya mutu. Da an idar da magariba kowa ya shige, mu yara sai mu kewaye garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo. Abin da tsoro ya ƙwace mana a waje, Dada ce ta mayar mana da shi a tsakar gida.

Dada ita ta haifi Babanmu. A ruga ta tashi, can wajen Dukku, kuma har ta tsufa Hausarta ba ta rabu da Fulatanci ba. Abu guda za ta ce masa "shi" yanzu, an jima ta ce masa "ita", in muka yi dariya ta ce ba ita ta raba wa kaya jinsi ba, mu je mu tambayi Hausawa. Gwiwoyinta sun riga sun gaji. Daga ɗaki zuwa bakin murhu sai da sanda da dafa bango.

Baffa Sale autanta ne, malamin makaranta, mutum mai shiru. Shi ya sayo babur ɗin. Irin na zamani ne da ake ƙerawa da siffar basfa, babur ɗin nan na mutanen da: ƙugu zagayayye, fitila guda kamar idon saniya, faffaɗan wurin ajiye ƙafa, launinsa na nono da aka ɗan zuba wa zuma. Daga nesa ka rantse daga tsohon hoto ya fito. Amma ba a dukansa da ƙafa kafin ya tashi, maɓalli ake taɓawa. Ba hayaƙi, ba hayaniya, in ya miƙe a hanyar Bauchi kuwa sai dai a ga bayansa. 'Yan acaɓan bakin layi suna yi masa tsiya, wai Malam ya tono na kakansa ya wanke, wai na 'yan mata ne. Sai ya yi murmushi ya wuce. Daga baya su ne masu roƙon ya bari su ɗana.

Ran da ya shigo da shi, Dada ta sa aka kai ta kusa. Ta shafa ƙugunsa a hankali, yadda na taɓa ganin ta shafa maraƙi, ta yi wata magana da Fulatanci wadda ba da mu take ba. Da dare Innarmu ta gaya min cewa kakanmu malamin dabbobi ne, yana da basfa, kuma a bayanta ya kawo Dada Gombe, tana zaune a karkace da ƙwarya a cinya. An sayar da ita bayan rasuwarsa, Baffa yana goye. Shi bai san mahaifinsa ba sai a hoto guda, kuma a hoton ma yana jingine ne da basfar.

Bayan zuwan babur ɗin da 'yan kwanaki Dada ta kawo mana sabuwar tatsuniya. Ita ba ta buɗewa yadda kowa ke yi. Takan tura itace cikin wuta ta ce, "Ga wata nan tana ɗingishi, ku matsa mata." Mu kuma mu ce ta shigo, ga tabarma.

Wai an yi wata mata a wata ruga. Ran da aka kai ta ɗakin miji, a kan farin takarkari aka ɗora ta, sa mai tafiya kamar ruwan rafi, ko nonon da ke kanta bai motsa ba. Mijin ya riga ta tafiya, takarkarin ma ya bi shi. Ta yi renon 'ya'yanta, ta tsufa. Wata rana ɗanta ya je kasuwa ya dawo da wani ɗan sa fari. Da ta ɗaga ido sai ta ga ƙahon nan, da tozon nan, har da ɗigon da ke goshi. Sai dai wannan ƙafafunsa na iska ne, kafin a ƙifta ido ya kai mashaya ya dawo. Matar ta buɗe adakarta ta ciro zanen da ta hau na farko da shi, ta karkaɗe, ta ninke, ta ajiye a bakin ƙofa. To a shekarar ne kuraye suka koyi hawan shanu. Su ɗare bayan sa, su shigo ruga kamar mutane, su ɗauki abin da suka ɗauka. Sai Arɗo ya yi shela cewa duk wanda aka gani bisa sa, kura ne. Kullum yaron ya ja sansa da igiya ya fita, ya jawo shi ya dawo. Matar tana zaune, zane yana ninke.

Nan take tsayawa. Mu ce sai me ya faru, ta ce ba ta hau ba tukuna, a tashi a yi isha'i.

Haka aka yi ta yi. Wani daren ta ƙara wa kurayen wayo, wani daren ta sa gara ta fara cin zanen, wani daren ta tsaya tana ba mu labarin yadda iska ke shiga kunnen mai tafiya a kan sa har ta manta da kurayen. Baffa yana can gefe a kan turmi, tsumma a hannu, yana goge babur ɗin da babu ƙura a jikinsa.

Ni ce na ɓata abin. Ina kwance da kaina a cinyarta, ina kallon yadda hasken garwashi ke rawa a jikin babur ɗin, sai kawai na ji bakina ya ce, "Dada, ai ke ce matar nan."

Innarmu ta harare ni daga bakin madafi. A wajen su Dada, uwa ba ta buɗe baki ta roƙi ɗanta abin marmari, kunya ba ta bari. Ta bi ta doguwar hanya, ta ruga da kuraye, don kada ta faɗa, ni kuma na yaye mata mayafi a gaban kowa.

Ta ja min kunne kaɗan. "Ji 'yar nan da baki kamar buta. Ni na yi miki kama da mai hawan sa?"

Baffa ya ajiye tsumman. Bai dube ta ba, ƙasa ya duba. Ya ce ko da rana ma, a kowane shingen bincike sai an sauka tun daga nesa, mai babur ya tura, na baya ya taka da ƙafa hannu a sama. Ya ce tsakanin gida da babban titi ma akwai shinge. Ta yaya za ta taka? In ta kasa sauka da wuri, wa zai tsaya ya saurari bayani?

"Ki yi haƙuri, Dada. Gari ya lafa tukuna."

"Ni na ce wani abu?" in ji ta. Can ta ƙara, kamar da wutar take magana, "Garin dai yana da lokaci."

Babanmu ya ce a ɗauko mata keke mai ƙafa uku a zaga da ita duk inda take so. Ta ce ita ba buhun masara ba ce, kuma babu inda za ta.

Garin bai lafa ba. Wata ranar aka ji ƙara daga wajen kasuwa, irin wadda ke shiga ta tafin ƙafa kafin ta iso kunne. Aka sallame mu daga makaranta muna gudu. Kowa ya dawo ban da Baffa, wayarsa kuma ba ta shiga. Dada ta sa aka zaunar da ita tana fuskantar zaure, carbi a hannu, ko ruwa ta ƙi sha. Sai dab da magariba ya shigo yana tura babur ɗin, rigarsa duk jini, amma ba nasa ba. Ya taya ɗaukar mutane ne. Bai ba da labari ba, ba a kuma tambaye shi ba. Ya kai babur ɗin gindin bango, ya lulluɓe shi da tsohon bargo. Tun daga ranar nan, da ƙafa yake zuwa makaranta.

Dada ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyi, na zomo, na 'yar sarkin ruwa, na makiyayin da ya auri tauraruwa. Ta farin takarkari ba ta sake fitowa ba. Sau ɗaya ƙanena ya tambaya, ta ce ta manta inda ta ajiye ta. Amma nakan ga in za ta wuce, maimakon ta dafa bango, sai ta dafa bargon nan.

Da damina Dada ta kwanta ciwo. Ba ta daɗe ba. Ran da aka fita da ita ana yayyafi, ni kuma ina tsaye a ƙofar ɗakinta ina tunanin wani abu na wauta, wai yanzu wa zai gaya min ko matar ta hau.

Na girma da haushin Baffa a ƙasan zuciyata, ban taɓa furtawa ba. Gari ya lafa kamar yadda ya ce, an kwashe shingayen, babura irin nasa sun cika titi. A jami'a nakan ga 'yan mata a kansu, mayafi yana kaɗawa, launi-launi kamar alewa. Ƙawayena suna son su don gudu da tsabta da rashin wahala. Ni ina ganin abin da ke jan mutane ya wuce haka. Mutum yana son ya ga fuskar abin da ya rasa, amma ta zo masa da lafiyayyar zuciya, wadda ba ta tari, ba ta mutuwa a hanya. Baffa ya sayi mahaifin da bai sani ba ne, Dada kuma ta hango ƙuruciyarta a jingine da bangon gidanta, kusa har tana dafawa. Na daɗe ina ɗaukar darasin tatsuniyar a kan cewa kada a ce wa tsoho ya jira. Da na ƙara hankali sai na ga yaron ma abin tausayi ne. Igiya a hannunsa, uwa a bakin ƙofa, kuraye a waje, duk inda ya juya akwai abin da zai rasa.

Bara na je gaishe da Mama Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Tangale da ke tuyar masa a da, wadda yanzu ta koma unguwar Federal Low-Cost wajen ɗanta. Muna hirar mutanen da, na ce abin da ke damuna har yau shi ne Dada ta tafi ba ta hau babur ɗin nan ba.

Ta ajiye kofin hannunta ta dube ni. Ta ce ashe ba a gaya mana ba.

Wai ana saura 'yan kwanaki Dada ta kwanta, da hantsi, yara muna makaranta, maza sun fita, Innarmu ta tafi awo, Baffa ya dawo gida. Mama Rifkatu ya kira ta taya shi, suka ɗaga Dada suka zaunar a karkace. Bai tayar da injin ba. Ya kama kan babur ɗin ya tura da ƙafa, ita Mama tana tallafe da bayanta, suka bi lungunmu har gindin darbejiyar ƙarshe, inda ake hango buhunan yashin shinge, sannan suka juyo. Ya roƙe ta kada ta faɗa, don kada Babanmu ya yi faɗa.

Na tambaye ta ko Dada ta yi magana.

Ta ce idonta a rufe yake tun daga ƙofa, ta kama rigarsa gam. Sai da suka kai tsakiyar lungu, yana tafe kamar mai rakiyar amarya, gumi yana zuba, sannan ta ce, "Sale, rage gudu. Haka ubanka ma yake, ba ya jin magana."