Kwana Uku Wayata Tana Gargaɗi, Na Yi Shiru

A wancan lokaci shekarata ashirin da bakwai, 'yar Garwa gaba da baya, jikar fataken goro, ga takardar karatun tsaron kwamfuta a hannu, ga baki kamar reza. Edita, na rubuto ne domin abin ya daɗe yana cina a rai. Ba zan kama sunan kowa ba, mai abin ya san kansa.

Wani Alhaji mai manyan motoci da ke ɗauko auduga daga Tuboro shi ya ɗauke ni in tsare masa kwamfutocinsa daga ɓarayin intanet. Tun ranar farko na gano kalmar sirri ɗaya tak duk gidan suke shiga da ita, 'ya'ya da ƙanne da surukai, kuma sunan marigayi mahaifinsa ce. Na ce kowa ya riƙe tasa, don in ɓarna ta auku a san hannun da ya taɓa. Alhaji ya ɗaure fuska ya ce wato 'ya'yansa nake kira ɓarayi, su a gidansu ba a raba makulli. Aka tsaya a kan cewa mu bare kowa da tasa kalmar, 'yan gida kuwa su ci gaba da ta kakansu. Na haɗiye, amma na haɗa yadda duk sanda baƙon hannu ya shigo, gargaɗi zai faɗo wayata.

Da aiki ya yi yawa sai na tuna wata yarinya da na taɓa koyarwa, Kirista, 'yar manomin gyaɗa daga duwatsun Mayo-Ulo, mai kaifin kai irin wanda ban taɓa gani ba. Na nemi in ɗauko ta mu yi aikin tare, babanta ya ƙi, ya ce birni ba ya barin ɗan talaka da mutuncinsa. Na hau moto na je har ƙauyen, na durƙusa masa, na ce in wani abu ya same ta ni ya riƙe. Ya ɗora hannunta a nawa ya ce ga amana. Adda take kirana, wato babbar yaya. Shekara uku muna tare, ko ƙuda bai shiga wa Alhaji kwamfuta ba.

Sai ɗan ƙanen Alhaji ya dawo daga Yawunde da takardar kwas na wata uku, aka ɗora shi shef, wato shugaba, a kaina. Da na yi magana, Alhaji ya ce mace ba ta riƙe makulli, gobe aure zai ɗauke ta, in ina da kirki in koya wa yaron aiki. Yaron da ko sunan abin da muke yi bai iya faɗa daidai ba! Ranar na ajiye musu aikinsu. Na ce wa yarinyar ta zauna, kada ta zubar da abincinta saboda ni. Na fita ina rantsuwa sai sun gane kurensu.

Bayan wata biyu, wata Talata da hantsi, ina shagon mahaifiyata ina auna atamfa, wayata ta yi ƙara. Sabon shef bai ma san akwai lambata a cikin tsarin gargaɗin ba, balle ya cire. Wani daga ƙasar waje ya shiga da kalmar kaka. Wallahi murmushi na yi. Na mayar da wayar aljihu na ci gaba da awo. Laraba saƙo ya yi ta zuwa, Alhamis ma haka, ina kallon ɓarawon yana bin ɗaki ɗaki kamar gidan ubansa. Kira ɗaya ga yarinyar da ya isa. Na ce a raina wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ranar Juma'a komai ya kulle, motoci suka tsaya cik da kaya a Tuboro, babu wanda ya san wacce za ta ina. Ba zan yi ƙarya ba, ranar na ci abinci har da ƙari, kuma har yau in na tuna yadda aka ce Alhaji ya zauna a ƙasa, wani abu a raina yana yin sanyi.

Abin da ban lissafa ba shi ne wannan. Da jandarma suka zo bincike, 'yan gida duk suna ƙarƙashin suna ɗaya, ba a iya nuna kowa. Suna ɗaya ne ya fito fili a ranar, na yarinyar, domin ita kaɗai ta shiga tana kokawar tare ɓarnar. Suka tafi da ita. Shaidar da za ta wanke ta tana cikin wayata, amma nuna ta yana nufin in amsa cewa na gani na yi shiru. Kwana shida ina juya wannan kafin na kai musu shaidar. Aka sake ta, ni aka yi mini faɗa aka sallame ni. A bakin ƙofa ta dube ni, ta rame, ta tambaye ni tun yaushe saƙon ya fara zuwa. Na ce tun Talata. Ta kau da kai ta wuce. Babanta bai zage ni ba, ya dai ce ya zo karɓar amanarsa.

Alhaji ya farfaɗo, ya ɗauko wani daga kudu, ya kuma yi alwashin ba mace ba bare a wannan ofis har abada. 'Yan mata biyu na ƙauyen da suke shirin bin sawunta, iyayensu suka hana.

Masu kamfani, ku riƙe wanda ya iya aiki ko ba jininku ba ne, ko mace ce, domin wanda kuka wulaƙanta ya san inda katangarku take da rami. Ku kuma 'yan'uwana masu wannan sana'a, in an cuce ku ku tafi, amma kada ku rama da shiru. Hausawa sun ce ramin mugunta a gina shi gajere. Ni na gina nawa don Alhaji, wadda ta faɗa ciki tana can tana ɓarar gyaɗa, kuma duk shekara in na aika mata saƙo, ina ganin alamar ta karanta.