Baƙin salatif a kan fitilar jakar iska

Ni ba na mantuwa, kuma ba na saurin yafiya. Inna ta sha faɗa mini cewa wannan hali ba na arziki ba ne, na kuma yarda, amma akwai bakanike guda a unguwar Nasarawa da na ji daɗin samunsa da wannan hali nawa.

Ina koyarwa a Birnin Kebbi, ina zaune a Gesse. Inna kuwa tana Argungu, ta ƙi barin ɗakinta. Duk ƙarshen mako nakan je in ɗauko ta ganin likitan gwiwa, in mayar da ita. Kujerar gaba ce tata. Nakan tura kujerar baya har ƙurewa don ta miƙe ƙafa, in ɗaura mata bel da hannuna tana mita.

Wata safiya sai wata jar fitila ta kama a dashbod, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ta ƙi mutuwa. Na kai motar wurin bakaniken nan, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ma yana amsawa har da gyara tsayuwa. Na ce masa fitilar jakar iska ce, wadda ke buɗewa ta tare mutum in an yi karo. Ya dubi mazan da ke zaune a bencinsa ya yi dariya.

"Hajiya, hitila ɗai ta ta hana ki kwana? Ku mata komi kunka gani ja sai ku ruɗe. Tahi ki dawo da la'asar."

Na haɗiye dariyar da suka yi mini. Da la'asar na dawo, fitila ta mutu, har godiya na yi masa.

Wata biyar ina ɗaukar Inna a kujerar nan da kwanciyar hankali. Ranar da asiri ya tonu, maƙwabcina ne ya roƙi in rage masa hanya. Mutumin kudu ne, mai shagon kayan mota, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ina murza makulli ya ce in kashe in sake. Na sake. Ya ce duk fitilun dashbod sukan kama na ɗan lokaci in an kunna mota, su gwada kansu, amma ta jakar iska ba ta ko ƙyafta ba. Ya kai ni wurin wani mai wayarin da ke da na'urar duba mota.

Mutumin ya jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna laifin yana makullin bel na kujerar gaba. Ya bayyana mini cewa a cikin bakin da ake cusa bel akwai ɗan sansa da ke gaya wa motar ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba. Ya cire batir, ya jira, sannan ya leƙa ƙarƙashin kujera ya zare wata soket. Ya sa mita, ya ce in cusa bel in zare. Na yi sau uku, lambar mitar ba ta motsa ba. Ya bi wayar da yatsa har ya kai inda ƙarfen da kujera ke gudu a kai ya cinye ta, saboda turawar da nake yi wa Inna. Gyaran bai kai tsawon dahuwar shinkafa ba.

Da ya kwance gilashin dashbod sai ga shi: guntun baƙin salatif, an manna shi tsaf a kan fitilar. Tana nan a kunne a ƙarƙashinsa tun wata biyar. Na tambaye shi, da mun yi karo fa? Ya ce muddin fitilar na kunne, jakar tana iya ƙin buɗewa, ba mai ba ni tabbas.

Ba tsoro ne ya kama ni ba, fushi ne. Na karɓi salatif ɗin na naɗe a takarda na sa a jaka. Maigidana ya ce in bar shi da Allah. Na ce na bar shi da Allah, amma ni ma ina da ɗan abin da zan yi.

Ranar Asabar na tsaya a bakin garejin Injiniya ban kashe mota ba, don kada ya ga fitilar ta kama. Na ce akwai wata ƙara a gefen fasinja da ba ta fitowa sai an miƙe hanyar Argungu. Ya miƙo hannu zai karɓi tuƙi, na ce ai a wancan gefen ƙarar take. Ya shiga yana taunar goro, ya zauna a wurin Inna.

Sai da muka bar gari, gonakin shinkafa suka fara bayyana, manyan motoci na tahowa suna girgiza mu, sannan na ɗan ƙara wuta. Ban wuce yadda na saba ba, amma shi bai san haka ba.

"Injiniya, in wagga tirela ta shigo hannunmu, jakar gabanka tana buɗewa?"

Ya daina tauna. "Mi ya kawo wagga magana, Hajiya?"

"Tambaya ɗai ce. Kai ka gyara."

Ya jawo bel, wanda bai damu da shi ba tun da ya shiga, ya yi ta lalubar bakinsa. Ya ce in rage gudu. Na ce haka nake tafiya da uwata duk mako, ba ta taɓa cewa in rage ba, don ta san an gyara. Zufa ta jiƙa masa hula. Ya fara cewa kayan ne babu a kasuwa, sannan ya ce ya yi niyyar kirana, daga baya ya koma salati kawai. Na bar shi a haka har Argungu, kuma ba zan ɓoye ba, kowace tirela da ta wuce daɗi na ji.

Na tsaya a ƙofar gidanmu. Inna na zaune a zaure da sandarta. Na ce mata ga mai gyara mana mota. Fuskarta ta washe, ta yi ta sa masa albarka.

"Allah shi tsare ka yadda kat tsare mu, ɗana. Allah shi yi wa ɗiyanka abin da ka yi muna."

Ya durƙusa, ya kasa cewa amin. Inna ta maimaita, a zatonta bai ji ba.

Da muka fito na kashe motar na sake kunnawa a gabansa. Jar fitilar ta kama, ta ɗan jima, ta mutu da kanta. Na ciro takardar na warware, na manna masa salatif ɗinsa a aljihun riga. Na nuna masa hanyar tasha, na koma ciki na taimaka wa Inna ta tashi.