Ƙauyen da Muka Ɓoye wa Baƙi

Cikin shekarun da na yi ina jagorancin baƙi a fadamar Haɗeja, akwai ranar da ko na so mantawa da ita ba za ta mantu ba. Ita ce ranar da tsuntsayen jan baki suka sauka a gonakin Bulama Gajo, suka kwance wa manajanmu zani a kasuwa. Tunda kun ce in ba ku labari kafin ku fara fita da baƙi ku kaɗai, to wannan zan ba ku.

Ga waɗanda ba su riski wancan kamfani ba, ƙarami ne. Manaja a sama, sai jagoran baƙi, wato ni, sai direba, sai masu kwale-kwale da muke ɗauka in buƙata ta taso. Ƙa'idar aikin ita ce kafin a kai baƙo kowane ƙauye, jagora zai riga shi zuwa share fage: ya gaida hakimi, ya sami bulama, wato mai garin, ya nemi izini, ya duba makwanci da ruwan sha. In za a shiga gandun Baturiya kallon tsuntsaye, sai an sanar da ma'aikatan gandun. A da aikin ba shi da wuya. A ɗauko baƙo da safe daga masauki a Haɗeja, ya ga agwagin ruwan da ke zuwa daga ƙasashen sanyi, ya ɗauki hoto, ya sayi bandar kifi, a maido shi kafin magariba.

Haka muke har Manaja Kabiru ya je wani taro a Abuja, ya dawo da sabuwar hula da sabuwar magana: tafiyar sannu. Ya tara mu ya ce baƙin yanzu sun gaji da yawon gudu-gudu. So suke su zauna wuri guda, su ci abin da mutanen wurin ke ci, su kwana inda suke kwana, su san su kamar 'yan uwa. Maganar gaskiya ce, har na yi murna. Ya sa aka rubuta "Sannu ba ta hana zuwa" a jikin motarmu, ya bar ragowar karin maganar. Abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da ko shayi a tsaye yake sha, shi ne zai koya wa duniya tafiya a hankali.

Baƙinmu na farko su ne Alhaji Bashir, wanda ya yi ritaya daga aikin banki a Abuja, da maiɗakinsa Hajiya Asma'u. Alhaji ya faɗa a waya cewa shi rayuwa ta asali yake son gani, wurin da zamani bai ɓata ba. Na ba da shawarar garin Bulama Gajo, wani ƙauye a bakin ruwa tsakanin Baturiya da Guri. Kakanninsu daga wajen Tafkin Chadi suka taso, sana'arsu noman shinkafa da kamun kifi, kuma na san su da karamci.

Ranar share fage Manaja ya ce zai raka ni, abin da bai taɓa yi ba. Muna shiga gari fuskarsa ta canza. Ga sola a kan rufin masallaci, ga babura a gindin kowace bishiya, ga injinan ban ruwa, ga shagon cajin waya, ga injin niƙa yana ta ƙara. Ya raɗa mini cewa wannan ai ba ƙauye ba ne, unguwa ce ta cikin Haɗeja da ta ɓace hanya. Da muka zauna gaban Bulama, bayan gaisuwa, sai ya roƙe shi a ɓoye duk waɗannan abubuwa har baƙi su tafi.

Bulama Gajo dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko baƙin za su so a daina kiran salla da lasifika. Manaja ya yi tunani sosai, ya ce a'a, a bar lasifika, amma a rufe solar da zana. Daga nan ya jefa ƙugiyarsa. Ya ce Alhajin da zai zo ya san manya, kuma ya yi alkawarin zai sa baki a kawo injinan da za su share kachala. Ku da kuka shiga fadama kun san kachala, ciyawar nan mai tsawo da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana kwale-kwale wucewa. Duk wanda ya ce wa mutumin fadama zai raba shi da ita, ko rawa ya ce ya yi masa zai yi. Bulama ya amince.

A mota na ce wa Manaja wannan ba tafiyar sannu ba ce, wasan kwaikwayo ne. Ya tambaye ni ko jagora aka ɗauke ni ko mai wa'azi. Daga nan bai sake kula ni ba har muka iso gida.

Baƙi suka iso cikin watan Oktoba, shinkafa ta fara nuna. Wallahi ni kaina da ƙyar na gane garin. An tura babura bayan makarantar firamare an kewaye su da zana. Mata sun fito da turame suna daka in baƙi na kallo, in sun juya baya a aika da hatsin niƙa ƙauyen gaba. Maza sun tono tsofaffin riguna da ko gona sun daina zuwa da su. An gina wa baƙi bukka ta musamman, aka shimfiɗa tabarma a kan katifar da muka ɗauko daga Haɗeja, aka juye ruwan roba a cikin randa. Alhaji ya sha, ya lumshe ido, ya ce rabon da ya ji ruwa mai daɗin wannan tun yana yaro, ai ruwan birni duk sinadari ne.

Wanda ya fi kowa iya wasan shi ne Malam Goni. Dillalin kifi ne, wayarsa biyu, kuma bandarsa har kasuwannin kudu take kaiwa. Shi aka ba matsayin tsohon masuncin da bai taɓa taka kwalta ba. Ya zauna gaban Alhaji yana gyaran koma, ya ce ya ji labarin wai a birni ana ɗora ɗaki a kan ɗaki, shin gaskiya ne, kuma na ƙasa ba ya jin nauyi? Alhaji ya kusa hawaye don daɗi. Ya dube ni ya ce irin mutanen da ya zo nema ke nan, zuciyarsu fara ƙal, ba su da komai kuma ba sa son komai.

Ita kuwa sannun da aka yi alkawari, ba mu gan ta ba. Da asuba kallon kamun kifi, da hantsi saƙar tabarma, kafin azahar an tsallaka ruga kallon tatsar nono, da la'asar kallon ginin tukunya. Hajiya Asma'u ta shaƙu da Iya Falmata, uwargidan Bulama, amma da zarar sun zauna sun fara hira sai Manaja ya dubi agogo ya ce lokacin abu na gaba ya yi. Wata rana muna sauri zuwa bakin ruwa ta rage tafiya, ta ce da ni, "Malam Haruna, wai wannan ita ce sannun? To Allah Ya raba mu da saurinku."

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Malam Goni na zaune yana ba Alhaji labarin yadda ake gane lokaci da inuwa, sai waya ta yi ƙara a aljihun wandonsa. Ya yi kamar bai ji ba. Ta sake yi, sai ta biyun ma ta ɗauka. Ya zaro ɗaya ya kara a kunne, na ga fuskarsa ta sauya. Wani abokin cinikinsa ne daga wajen Guri yake gaya masa jan baki sun taso, sun nufo su. Tsuntsaye ne 'yan ƙanana, amma tafe suke kamar hayaƙi, kuma in suka sauka a shinkafar da ta nuna, tsakanin hantsi da azahar sai su bar wa mai gona kara.

Malam Goni bai ko yi wa Alhaji sallama ba. Kafin ka ce kwabo lasifikar masallaci ta ɗauka, an yaye zana, babura sun fito suna ruri, an tayar da injin kwale-kwale da aka ɓoye cikin ciyawa. Kowa da waya a kunne. Maza suka kwashi koma da gidajen sauro don rufe gonaki, mata suka ɗebi kwanuka da gwangwanaye. Manaja ya tattare babbar riga yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon su tuna da yarjejeniya, ko su tura baburan ta bayan gari. Ko kallo bai ishe su ba.

Iya Falmata ta zo wucewa ta ga Hajiya tsaye da jaka a kafaɗa. Ta cusa mata tasa da muciya a hannu ta ce, "Ke, tsayuwar me kike yi? Biyo ni." Hajiya ta dubi mijinta, ta dubi tasar, ta haye bayan wani babur da ya nufi gona. Dokar aikinmu ce jagora ba ya barin baƙo ya shiga wurin ruwa shi kaɗai, don haka na bi su.

Wuni muka yi a gona. Hajiya ta shiga taɓo har gwiwa, tana kaɗa tasa tana ihu har muryarta ta dishe. In tsuntsayen suka tashi daga wannan gefe sai su sauka a wancan, a sake kwasa da gudu. Ta faɗi, Iya Falmata ta ɗaga ta tana yi mata faɗan ta taka mata shuka. Da rana ta yi sanyi garken ya ɗaga ya yi gabas. An tsira da mafi yawan shinkafar, amma gonakin bakin kachala, inda tsuntsayen ke samun mafaka, sun tafi. Har da ta wata bazawara da ba ta da wata gonar. A kan kunyar gonar Hajiya ta zauna tare da ita.

Da muka dawo bayan la'asar, mun tarar da Alhaji a ƙofar gidan Bulama ya cika ya yi fam. Ya ce an yaudare shi. Ya baro Abuja don ya ga mutanen da suka wadatu da rashi, ashe 'yan kasuwa aka tara masa masu waya bibbiyu. Manaja ya ce laifin mutanen gari ne da suka kasa riƙe amana, da kuma nawa da na zaɓi garin.

Bulama, wanda shi ma taɓo ne har ƙugunsa, ya bari suka gama. Sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri da muka kasa talaucewa yadda kake so. Amma in rashi kake sha'awar gani, da ba ka sha wannan doguwar hanya ba. Ka tambayi maigadin gidanka abin da iyalinsa suka ci jiya."

Can Bulama ya ƙara da cewa duk da haka suna godiya da alkawarin kachala. Alhaji ya tambaya mece ce kachala. Bai taɓa jin sunanta ba, balle ya yi alkawari a kanta. Kowa ya juya ya dubi Manaja, shi kuma ya shiga laluben aljihu kamar amsar tana ciki. Bulama bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi ƙofarsa a buɗe take ga kowane baƙo, kuma Haruna na iya kawo wanda ya ga dama, amma shi Manaja daga yau iyakarsa bakin kwalta.

Washegari Alhaji ya haɗa kaya. Hajiya ta ce masa ita kam, in ya yarda, sai an yanke shinkafar da ta yi wa ihu. Ya ce ta zauna ta ga iyawarta, a zatonsa kafin Juma'a za ta kira a zo a ɗauke ta. Sai da aka gama girbi ta tafi. Ta bar bukkar ta koma ɗakin Iya Falmata, inda akwai fanka. Ta koyi banda kifi, ta koyi gaisuwa da Barbarci, yaren mutanen garin, ta je suna, ta zauna zaman makoki, an aike ta, an yi mata tsegumi, ita ma ta yi. Ranar da na je ɗaukarta ta ce mini ta shekara tana shan maganin barci, a nan kuwa ko isha da ƙyar take kaiwa. Ba ta share musu kachala ba, don ba ta da ikon haka, kuma ba ta ce tana da shi ba. Amma duk kaka tana zuwa, kuma da ciwon ido ya kama Iya Falmata, a gidanta ta sauka a Abuja.

Kada ku zaci Manaja ya ji kunya. Hoton Hajiya cikin taɓo da tasa a hannu ya samo, ya buga a takardar tallarmu, ya sa masa suna shirin korar tsuntsaye tare da al'umma. Har ofis ya kira ni ya tambaya, da gaske ba da wasa ba, ko akwai dabarar da za a yi jan baki su riƙa zuwa lokacin hutun ƙarshen shekara, tunda a lokacin baƙi suka fi yawa. Na ce masa sai dai ya rubuta musu takarda. Ba mu daɗe tare ba bayan wannan.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan baƙi iri biyu ne. Akwai wanda ya zo ganin wuri, akwai wanda ya zo da hotonsa a ka, yana neman wanda zai tsaya a ciki. Na biyun ya fi yawa, ya fi kuma daɗin sha'ani ga manajoji, shi ya sa za a riƙa matsa muku ku gyara masa mutane kamar kayan ɗaki. Kada ku yarda. Mutanen fadama suna da noma, da ciwo, da abin da ya dame su tun kafin motarku ta iso, kuma za su ci gaba bayan ta tafi. Ku kai baƙo, ku gabatar da shi, ku ja baya ku ba shi lokaci. In kuna so ku san ko ya iso, kada ku duba yawan hotunan da ya ɗauka. Ku jira ranar da mutanen gari za su daina ce masa sannu da zuwa, su fara ce masa ina ka shiga tun ɗazu ana nemanka.