Lallen da Ya Sha Mini Jini

Shekarun baya kaɗan, in ana maganar lallen amare a unguwarmu a Gadarif, sunana ake fara kira. Ni ce hannana, mai zanen lalle. Da an yanke dawa da riɗi sai bukukuwa su ɓarke, har daga garin Doka ake turo mota a ɗauke ni. Kai, na ji daɗin lokacin nan! Kaina ya kumbura, ko tafiyata sai da ta canja.

Sirrina ɗaya ne. Wata ƙawata da za ta bar gari ta raɗa mini cewa in riƙa zuba benzin, wato man mota, a cikin kwaɓin. Ranar da na gwada saura kaɗan in yi rawa, don kafin a shanye jabana, wato gahawa, zane ya kama baƙi ƙirin, mata sai guɗa suke. Don kada maƙwabta su ji wari su gano ni, sai in rufe ƙofa da taga, in kwaɓa da hannuna, kullum. Ciwon kai da jiri na ce gajiya ce. Da na fara haɓo, dasashina yana jini, Hajjata, mahaifiyata, ta roƙe ni in je asibiti, na ce mata sai bayan bukukuwa.

Ina tsakiyar zana ƙafar wata amarya na kife a kanta. A asibiti likitar ta nemi ganin farcena da tafin hannuna, ta tarar lalle ya rufe komai. Sai ta ja fatar idona ƙasa, ta ga fari fat. Bayan gwaji ta ce mini akwai guba a cikin benzin mai shiga ta numfashi da fata, ta sauka a ɓargo inda ake yin jini. Jinin yayana aka ƙara mini, na yi watanni a kwance ina tsoron mutuwa.

Alhamdulillahi na tashi, na koma lalle zalla a ƙarƙashin rumfa, ja ne kuma sai an yi haƙuri. Abin da ke ci mini rai shi ne amaren da na shafa wa guba suna yi mini godiya. 'Yan'uwana mata, kowace ce hannanarku, ko da ni ce, ku shinshina kwanon kafin ku miƙa hannu.