Aikin da Mai Dalma Ya Bari a Kan Tebur

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcina kuma abokin sana'ata, wanda duk layinmu ya sani da Mai Dalma. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, bai daɗe yana jinya ba.

Mai Dalma, shagonka na kallon nawa, titi ne kawai a tsakaninmu. Sana'armu ɗaya, gyaran begila da sauran kayan busa na tagulla, kuma tun muna da baƙin gashi muke musu a kan abu ɗaya. Ni na ce liƙin azurfa shi ne liƙi, domin idan ya kama ya kama ke nan. Kai kuwa ka ce azurfa sai ƙarfe ya yi ja take narkewa, kuma ba kowane ƙaho ke jure wannan wuta ba. Dalma ka fi so, mai narkewa da 'yar wuta kaɗan. Kullum maganarka ita ce gara liƙi ya saki idan ƙaho ya faɗi, da a ce bututun ne ya yage. Kana kirana Ƙona-ƙaho, ni kuma ina ce maka mai aikin kasko da buta. Masu shayin bakin layi har sun gaji da raba mu.

Ba na rubuta wannan don in ce ka fi ni gaskiya ba. Har gobe akwai wurin da azurfa kaɗai ke riƙewa, kai ma ka sani, don na sha ganin ka ɓoye ta a ƙasan aljihun tebur.

Amma kai mutumin kirki ne. Makaɗan da ke yawon biki sun san shagonka ba ya korar kowa. Mutum zai kawo ƙaho a lanƙwashe yana rantsuwa shi kaɗai ya faɗi, ka yi dariya ka karɓa, ba ka taɓa ƙure shi ba. Shekarar da aka yi mini aikin ido, na kwanta ina tunanin masu kawo mini aiki sun watse. Ashe kai kake buɗe shagona da rana kana sallamar su. Da na warke na duba abin da ka gyara, sai na ga duk da azurfa ka yi, yadda nake yi. Na tambaye ka, ka ce, “Shagonka ne, ba nawa ba. Amma na sha wuya.”

Aikinka na ƙarshe begilar Kumatu ce, tsohon mai busan nan da ya fi kowa daɗewa a ƙungiyarsu ta makaɗan biki. Begilar ta tsufa tare da shi, jikinta ya yi laushi kamar gwangwanin madara. Ba shi da wata, ba shi da halin sayen wata, kuma shugaban ƙungiyar ya riga ya gaya masa idan babu kayan busa ranar Asabar, akwai mai jiran gurbinsa. Ka warware ta gunduwa-gunduwa a kan tebur, sai ciwo ya kama ka.

Bayan an yi sadakar uku, maiɗakinka ta aiko aka kira ni. Ta miƙo mini kwali da guntayen a ciki.

Ta ce, “Malam, ya ce a ba ka. Wai ka yi yadda ka ga dama.”

Na san ka. Ko a gadon asibiti sai da ka tsokane ni.

Na kai kwalin shago, na ɗauko azurfata kamar kullum. Sai na ɗaga bututun a hasken taga na murza shi da yatsa. Wutar da azurfa ke so za ta huda shi kafin in ƙifta ido, kuma abincin tsohon nan ne zai ƙone. Na mayar da ita. Na ƙetara titi, na karɓi mabuɗi, na ɗauko dalmarka da ƙaramin bakin wutarka. A kujerarka na zauna na haɗa ta, gaɓa bayan gaɓa. Ban taɓa jin kewar mutum kamar yadda na ji taka a ranar ba.

Ranar Juma'a Kumatu ya zo gidanka yin gaisuwa, ina zaune a zaure. Aka fito masa da begilar, wadda na riga na mayar wa maiɗakinka. Ya juya ta, ya bi liƙin da babban yatsa, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, “Allahu akbar. Ashe sai da ya gama mini kafin ya tafi. Wannan hannun ko a duhu na san shi.”

Ni da ban taɓa yarda a ba wani yabon aikina ba, na sunkuyar da kai na ce, “Allah ya jiƙansa.” Kumatu ya yi busa ranar Asabar, kuma yana nan a gurbinsa.

Allah ya gafarta maka, Mai Dalma, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka, da dukan makaɗan da suka saba tsayawa a ƙofarka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.