Kwana Huɗu da Akwatin Yaya Ya Ƙi Tashi

Yayana bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, amma duk layinsu Injiniya ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Shekara ashirin da bakwai ya yi a kamfanin tarho, yana hawa turaku yana bin wayoyi cikin kwalbati, har lokacin da kowa ya sa waya a aljihu aka ce musu an gode. Ya dawo gida da jakar kayan aiki, da ciwon gwiwa, da wani hali da ya fi ciwon gwiwar damun mutane: ba ya iya ganin abu yana aiki ya ƙyale shi. Agogon bango, fanka, rediyon maƙwabta, duk sai ya kwance ya ga abin da ke ciki. Ni ce autar gidanmu, na girma ina riƙe masa tocila, saboda haka ina da bakin faɗa.

Abu ɗaya ba zan ci haƙƙinsa ba. Kafin ya taɓa komai sai ya rubuta yadda ya same shi a wani littafi mai baƙin bango. Wai a wurin aiki aka koya masa, duk wayar da ka cire ba ka rubuta ba, kai za ta kunyata.

Matarsa kuwa, Malama, shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan aji uku kafin ta yi ritaya. Ita ma da nata halin. Duk ɗakin da za ta fita sai ta bi bango ta kashe kowane soket, don ta tsani ɓarna. Firji ma ya sha kwana a kashe. Sun yi shekara arba'in a haka, shi yana kunnawa tana kashewa, kuma ban taɓa jin sun yi faɗan da ya kwana ba.

Shekara biyu da suka wuce mantuwa ta fara kama ta. Da farko makulli ne, sai tukunya a kan wuta, sai ranar da jikanta ya rungume ta ta tambaye mu ɗan waye wannan mai kirki haka. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce abin ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu: a bar mata komai yadda ta saba, kuma a riƙa nuna mata fuskokin nata kullum, ba fashi. 'Ya'yansu uku kuwa duk aiki ya watsa su nesa.

Nan Yaya ya samu aikin da ya dace da shi. Ya samo tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya jefar, ya sa mata faifan ajiya guda biyu, ya girke ta a sito ƙarƙashin kanta, ba sikirin ba kibod, ya huda bango ya ja waya zuwa talabijin ɗin falo. Yara suna ce mata saba, ni dai akwati nake cewa. Wata huɗu ya yi yana kwafe hotunan albam zuwa cikinta ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu yoyon rufi ya riga ya jiƙa su sun manne, yana ɓanɓarowa yana kwafewa suna marmashewa a hannunsa, don haka a cikin akwatin nan kaɗai suka rage. A ƙarƙashin kowane hoto ya rubuta da manyan baƙaƙe ko wane ne: ɗanki na fari, jikarki mai wushirya, ƙanwarki ranar da ta gama makaranta.

Kowace safiya bayan karin kumallo sai su zauna a doguwar kujera, shi da rimot a hannu, ita tana karantawa da ƙarfi kamar mai kiran sunaye a aji. Kuma abin ya yi aiki. In yara suka kira da yamma takan gane su. Soket ɗin akwatin kuwa ya liƙe shi da jan tef, ya rubuta KADA A KASHE. Malama ba ta tsallake rubutu, ko sau ɗaya ba ta taɓa shi ba.

Sai akwatin ya fara kashe kansa yana sake tashi, sau ɗaya ko biyu a mako. Wannan ba abin da zai hana mai hankali barci ba ne. Amma Yaya ya bincika ya gano akwai wata 'yar manhaja da ke zaune a cikin babban allon na'urar, wadda ita ke tashin ta kafin komai ya fara, kuma masu ƙera allon sun fitar da sabuwa. Aikin yana buƙatar sikirin, sai ya ciccibo akwatin zuwa teburin falo, ya jona shi a soket ɗin bayan kujera, wanda babu tef a kansa. Gargaɗi ya fito ƙarara cewa kada wuta ta yanke har a gama. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya kai kusan rabi sai mai karanta mita ya buga ƙofa. Minti biyu Yaya ya yi a waje. Malama ta zo wucewa kicin, ta ga 'yar jar wuta a bango, ta miƙa hannu yadda ta saba tun ban yi wayo ba.

Da na iso da hantsi na same shi durƙushe gaban akwatin. Ya danna maɓalli, fankar ciki ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa, ta tsaya. Sikirin baƙi ƙirin, ko 'yar ƙarar da yake yi in zai tashi babu. Ya gaya mini abin da ya faru a hankali, sannan ya ce kada in kuskura yara su ji. In sun tambaya, wuta aka ɗauke, shi ke nan. Na ce masa garin neman gira ya rasa ido, da wasu maganganun da ba sai na maimaita ba.

Ya mayar da akwatin sito, har da sikirin da kibod, ya tura ƙofa. Ni kuma na ɗauki hutu daga kantin maganin da nake aiki, na dawo gidan da zama don in kula da Malama.

Ranar farko ya bi abin bi da bi, kamar yadda yake bin layin tarho. Ya zare duk wayoyi ya bar ta wuta kaɗai. Ya ciro sandunan memori ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya mayar da ɗaya, ya gwada, ya musanya. Ya cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ya jira, ya mayar. Ya aro wata tukunyar wutar, wato abin da ke raba wa kayan cikin akwatin lantarki, daga shagon wani abokinsa mai gyaran talabijin. Duk gwajin da ya yi sai ya rubuta a baƙin littafi ya ja layi a kai. Fanka dai tana nan tana juyawa tana tsayawa.

Washegari Malama ta gama shan shayi ta zauna a wurinta, ta gyara tabarau, ta fuskanci talabijin. Ta jira. Ta dubi gefenta, inda ba kowa. Na zo da wayata ina nuna mata hotunan da nake da su, ta nisanta ta da fuska, ta ce ita ba ta ganin waɗannan ƙananan mutanen, kuma su waye ma? Da na matsa sai ranta ya ɓaci, ta ce in daina yi mata jarrabawa. A ranar ne Yaya ya cire faifan ɗaya ya jona a tsohuwar kwamfutar 'yarsa, ko zai kwaso hotunan. Kwamfutar ta ce ba ta gane shi ba, ko a goge shi a shirya shi sabo? Ya ce mini yatsansa na kan maɓalli ya ankara. Na gan shi ya fito ya wanke fuska a famfo.

Babban ɗansu ya kira ya ce a sayi sabuwa mana, zai aiko. Yaya ya ce ba kwamfuta ce ta dame shi ba. Da aka ba Malama wayar ta gaisa da shi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa iyayen ɗalibai. Ya ce da ni a hankali, Gwaggo, lafiya kuwa? Na ce gajiya ce.

Rana ta uku ta shirya tsaf ta rataya jaka, wai za ta makara yara na jiranta a aji. Da kyar na zaunar da ita. Tana jin ƙarar sukudireba daga sito ta tambaye ni wa ke ciki. Na ce Yaya ne. Ta gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba amma ba ya son a sani.

Na tura ƙofar sito ba sallama. Gemunsa ya tofo fari fat, rigar da ya sa tun shekaranjiya ce a jikinsa, kwanon abincin da na kawo na nan a rufe.

"Yaya, ka bar akwatin nan ka zo ka zauna da matarka."

"In zauna in nuna mata me, Auta? Komai yana cikin nan."

"Ka nuna mata fuskarka."

"Fuskata tana gani kullum," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Yaran ne take rasawa."

Na ji haushi na fita na buga ƙofar. Da na san abin da na sani yanzu, da hannu zan jawo shi.

A cikin takardar da ta zo da allon ya gano akwai hanyar ceto. Za a sa manhajar a filashi, a cusa a wata kafa ta musamman a baya, a danna wani ɗan maɓalli da bakin biro, allon ya sake rubuta kansa ko da bai tashi ba. Ya gwada da filashinsa, 'yar fitilar da ke gefen maɓallin ta yi ƙyafta uku ta tsaya cak. Ya sayo sabo, haka. Abokinsa mai gyaran talabijin ya ce tsofaffin alluna ba sa jituwa da manyan filashin yanzu, a nemi ƙarami na da. Muka birkice gidan. A ƙarshe a jakar Malama na samu, wadda ta rataya za ta makaranta, maƙale da makullin kabad ɗin ajinta. Yaya ya kwashe tsofaffin tambayoyin jarrabawar da ke ciki ya adana, sannan ya cusa shi.

Safiyar rana ta huɗu ce. Fitilar ta fara ƙyaftawa ba ta tsaya ba. Ni na tsaya a gaban soket na kare shi da jikina, wannan karon har da tef biyu. Minti shida fitilar ta yi tana ƙyaftawa. Da ta mutu ya danna maɓalli, fanka ta juya ta ci gaba da juyawa, akwatin ya yi 'yar ƙararsa, rubutu ya fito. Sai kuma rubutun ya ce akwatin bai ga faifan da zai tashi daga ciki ba. Yaya ya jawo baƙin littafi. Sabuntawar ta mayar da saituna yadda suka fito daga kamfani, shi kuwa ya kwafe nasa tun kafin ya fara, layi goma sha ɗaya. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya yana bi da yatsa. Daga falo muka ji muryar Malama.

"Ɗanki na fari," take karantawa. "Af, ga babban nan. Kullum wuyan rigarsa a karkace."

Muka fito. Ta karanta jikarta mai wushirya ta yi dariya. Ta karanta ni ma, ta waiwayo ta ce ashe na yi ƙiba. Wasu ta tsaya ta yi jim, amma yawancinsu sun dawo. Yaya na tsaye bakin ƙofa da sukudireba a hannu, ƙura har gira, idonsa ya cika. Ban taɓa ganin sa haka ba, ko ranar da aka sallame shi daga aiki.

Sai ta lura da shi. Ta gyara mayafinta ta miƙe zaune.

"Sannu da aiki, bawan Allah. Kai ka gyara mana? Auta, kawo masa ruwa mana." Ta sake dubansa da fara'a. "Ka ɗan zauna, maigidan ya fita. Ya jima ma, ban san abin da ya tsare shi ba."

Ya zauna a bakin kujera, nesa da ita, yadda baƙo ke zama. Ya karɓi ruwan ya yi godiya. Hotuna suna ta wucewa, sama da dubu biyu, ni kuma a lokacin na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Babu shi a ciki ko ɗaya. Shekara arba'in shi ke riƙe da kyamara, 'yan waɗanda ya fito a ciki kuma ya tsallake su wajen kwafewa, don a ganinsa ba shi ne za a manta ba.

Da ta shiga ɗaki ta kwanta, ya je ya yi aski ya yi wanka, ya sa rigar nan mai ruwan toka da ta ɗinka masa da hannunta. Ya tsaya jikin bangon falo ya miƙo mini wayarsa.

"Auta, ɗauke ni. Ki tabbatar fuskar ta fito."

Sau uku na ɗauka, don biyun farko ba su fito sosai ba. Ya tura hoton cikin akwatin ya sa shi a farko, ya daɗe yana kallon wurin rubutu, sannan ya buga da yatsa ɗaya: mijinki, yana zaune kusa da ke.

Yanzu wata biyar ke nan. Kowace safiya da shi take farawa. Wani lokaci ta karanta ta juyo ta harare shi ta ce ai ta sani, wa ya tambaye shi. Wani lokaci kuma ta karanta, ta dubi hoton, ta dube shi, ta daɗe tana gwadawa. Shi dai yana riƙe da rimot, ba ya danna na gaba sai ta gama.