Ɗinkin da Kaka Ya Yi wa Mota

Jiya mai liƙin roba ya zauna a ƙofar gidanmu yana gyara mini baho. Da warin ya bugi hancina sai na janye yarona, don ni tun da na haihu komai tsoro yake ba ni. Amma warin nan ya mai da ni gidan Kakana a Madarumfa, shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, wadda ban yi nisa a cikinta ba.

A bayan rumbu akwai wani kwami da awaki ke shan ruwa a ciki. Mun tashi mun tarar da shi. Ba ƙarfe ba ne, ba itace ba, ba kuma roba irin ta bokiti ba. In ka ƙwanƙwasa shi, amon ƙwarya yake yi. An ce wasu Nasara ne suka yar da shi a bakin tabki tun ba a haifi babana ƙarami ba, Kaka ya ɗauko shi a amalanke ya toshe hujojinsa da kwalta.

Kaka gyartai ne, ɗinkin ƙwarya ya gada. Baba ƙarami kuwa, autansa, ba ya son a ambaci sana'ar. Ya yi rani biyu a wani gareji a Maraɗi, ya dawo ba abin da ke bakinsa sai mota. Wata rana ya kwashe ruwan kwamin, ya kife shi, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, wannan fa jikin mota ne. Ga mazaunin fitila, ga inda taya ke shiga."

Kaka ya ce, "To. Awakina sun shekara ashirin suna shan ruwa a mota, ba wadda ta isa ko Safo."

A ranar suka yanke magana a gaban babana. In abin ya yi tafiya kafin ruwan shuka, Baba ƙarami ya koma Maraɗi ya kama aikin gareji da albarkar mahaifinsa. In bai yi ba, ya ɗauki hauya, ba sauran zancen mota.

Baba ƙarami ya ƙwaƙule kwaltar, ya ja igiya daga huji zuwa huji yana ƙulli, ya tafi da igiyar Maraɗi. Ya yi kwana uku yana gwada ta a matattun motoci. Ta dace da ƙasan ƴar motar nan mai kama da kunkuru, mai inji a baya, sai dai ta gaza da kusan kamu ɗaya. Wani tsohon mai gareji ya gane ta, ya ce motar hawan rairayi ce, yanke ƙasan ake yi a rage tsawonsa. Shi ya ba shi ƙasan da tsohon inji, ya yanke masa.

Mu mata aka sa wankin kwamin. Da gansakuka ta fita sai ga kore mai ƙyalli kamar ɓawon kifi. Hannuwana sun yi kwana biyu suna ƙaiƙayi, don a cikin abin akwai wasu siraran zaruruwa masu shiga fata kamar ƙaiƙayin gero.

Sai dai akwai tsaga a gefe, ta fi tsawon hannuna. Baba ƙarami ya kira mai walda. Wuta na taɓawa abin ya yi baƙi, ya tashi da warin nan, tsagar ta ƙara tafiya. Ya sayo gam da ƙyallen irin zaren nan a kwalaye daga Katsina, ya shafa. Da aka ɗaga za a ɗora a kan ƙasan motar, bakin tsagar ya goce, liƙin ya ɓare. Sau biyu ke nan, gam ya rage na shafi ɗaya. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, shamuwa ta sauka a kan tsamiya. Baba ƙarami ya daina cin tuwo.

Wata safiya ya tafi neman shawara, sai Kaka ya kira ni. "Amarya, zo ki riƙe wa mijinki nan, ki bar kallo."

Ya sa tsinkensa a garwashi. Bai fara daga bakin tsagar ba, sai da ya bi ta da farce har inda ta ɓace, ya wuce kaɗan, ya huda. Ya ce tsaga in ba ka tare mata gaba ba, tafiya take yi. Sannan ya jera hujoji gefe da gefe, ya bi su da siririyar waya, yana ja yana ƙwanƙwasawa yana saurare, kamar yadda yake yi wa ƙwaryar nonon Fulani. Kafin azahar bakin ya haɗu.

Baba ƙarami ya dawo ya tsaya a kai. Kaka ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Ni kwamina na ɗinke. In gam ɗinka na da amfani, ka shafa."

Ya shafa a kan ɗinkin, ya kama. Kwana tara bayan nan motar ta tashi, da tari da hayaƙi, ta zaga bakin tabki ta dawo ana tura ta. Aka yi ta gardama ko wannan tafiya ce. Kaka ya ce ya gani da idonsa, ta fi awakinsa nisa. Bayan mako guda ruwan shuka ya sauka, Baba ƙarami yana Maraɗi. Awaki kuma aka yanka musu rabin tano, wato durom.

Yau Baba ƙarami yana da garejinsa, kuma tsinken Kaka na rataye a cikin kayan aikinsa. Gyartai kam babu a unguwarmu, ƙwaryar ma sai a biki. Abu ya tsage, a yar a sayi sabo.

Ni ga yarona nan, bai cika shekara huɗu ba, ya kwance mini rediyo da fitila. Ina tsoron wuta, ina tsoron titi, na fi so ya zauna kusa da ni. Jiya da mai liƙi ya gama na duba bahon, na ga bai tare gaban tsagar ba, na sa ya sake. Yaron ya matso yana leƙe. Wannan karon ban janye shi ba, na dai riƙe bakin rigarsa.